Daga Rairayin Ɗanzomo Zuwa Rairayin Wida

Mu mutanen Ɗanzomo ba baƙin rairayi ba ne. A cikinsa aka binne cibiyarmu, a kansa muka koyi tafiya, shi kuma iskar hunturu take kwasowa daga wajen Damagaram ta zuba mana har cikin akushi. Ruwa mai yawa ne ba mu saba da shi ba. Har na kai shekara 23 a duniya, ruwan da ya fi girma a idona shi ne kududdufin bayan gari in damina ta yi albarka, sai kogin Wudil da na taɓa leƙawa ta tagar mota. Saboda haka, da malaman jami'o'i suka tsunduma yajin aiki a watan Nuwamba na 2018, muka dawo gida muka tarar an kakkaɓe riɗi ana tsinkar zoɓo, muka yi ƙodago har kuɗi ya ɗan zauna a aljihu, sai na ce wa abokina ya zo mu je mu ga teku.

Wannan aboki tare muka tashi. Darni ɗaya ne ya raba gidanmu da nasu, malami ɗaya ya rubuta mana allo, tare muka yi sakandare a Gumel, tare kuma muka shiga jami'a, ni ina karanta tarihi, shi aikin gona. Tun muna yara ban cika kiransa da sunansa ba. "Bawan gidanmu" nake ce masa, shi kuma ya ɗan rusuna, ya jinjina hannu, ya ce, "Ranka ya daɗe, ubangida." Duk unguwa an san wannan barkwanci, an kuma san inda ya samo tushe: kakan mahaifinsa bawan kakan mahaifina ne. Na ɗauki abin kamar wasan Fulani da Barebari, ko na taubasai, a yi dariya a watse. Ban taɓa lura ba cewa a wasan taubasai kowa yana da abin ramawa, a namu kuwa kullum ni ne a sama.

Akwai abin da na ɓoye masa lokacin da nake kawo shawarar tafiyar. Makonni kaɗan kafin nan manyansa sun zo zauren Baffa neman auren ƙanwata, domin tun rasuwar mahaifinmu Baffa ne babba. An karɓe su da fara'a, aka ce su je za a yi shawara. Da dare ina kai wa dattawa shayi na tsinci shawarar. "Yaron ba shi da aibu," in ji Baffa, "amma asali asali ne." Na ajiye buta na fita kamar kurma. Da abokin nawa ya tambaye ni abin da ya kawo jinkiri, na ce masa so ake ta gama karatunta a kwalejin ilimi ta Gumel. Ya gyaɗa kai. Ni kuma na shiga zuzuta masa teku, har na ɗauki nauyin kuɗin motarsa zuwa Legas, ina jin kamar na biya wani bashi.

Ranar Alhamis muka je kasuwar Maigatari, muka ratsa ta kara inda raƙuma da shanun Nijar suke, muka canza nairorinmu zuwa sefa a wajen 'yan canji, tunda kuɗin da ake ci a Damagaram shi ake ci a Kwatano da Lome. A nan muka sayi jakar goyo ta gwanjo kowa ɗaya. Abin da ya shiga cikinsu bai taka kara ya karya ba: kaya kala uku, sallaya, butar roba, ƙuli-ƙuli, dabino, takardar tafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma da katin rigakafin shawara. Inna ta dube mu ta ce, "Me kuka ajiye a can?" Tambayar tana kan hanya. Bahaushe matafiyi ne tun fil azal, amma da dalili yake fita: fatauci, ci-rani, neman ilimi, aikin Hajji. Wanda ya ɗaura kaya don ya je ya gani kawai, a garinmu kallon mai taɓin hankali ake yi masa. Da ta ga ba za mu fasa ba, ta miƙo mini gorar roba ta ce in ɗebo mata ruwan, ta ɗanɗana ta ji ko da gaske ne gishiri gare shi.

Daga Gumel zuwa Kano, daga Kano motar dare zuwa Legas, tafiyar kilomita dubu ko kusa da haka. Ban riƙe komai daga cikinta ba sai ciwon gwiwa, da yadda gari ya waye muka ga kuka da gawo sun ɓace, kwakwar manja da ayaba sun maye gurbinsu. Ba mu kwana a Legas ba, muka zarce Badagiri.

A Badagiri mai rakiya ya fara kai mu wani tsohon bene da 'yan mishan suka gina a 1845, ya ce shi ne bene na farko a Nijeriya. Na so in tuna masa da hasumiyar Gobarau ta Katsina, abokina ya taka mini ƙafa. Daga nan sai barikin bayi na Seriki Williams Abass, mai ɗakuna 40, kowanne ƙarami, mai 'yar taga ɗaya can sama. Shi Abass ɗin tsohon bawa ne da ya koma dillalin bayi, daga baya har ya riƙe sarautar Sarkin Musulmin garin. A wani ɗaki an ajiye maruruwa da sarƙoƙin wuya, ana barin baƙi su ɗaga su ji nauyi. Na ɗauki ɗaya na juya na ce, "Bawan gidanmu, zo ka gwada, ai gadonka ne." Ya zo, ya sunkuya, na rataya masa. Ya ce, "Ta yi daidai, ranka ya daɗe." Muka yi dariya, na ɗauke shi hoto da waya.

Sai muka shiga kwalekwale muka ƙetare tafkin da ya raba gari da tsibirin Geberefu, muka bi wata 'yar hanya mai rairayi a tsakanin itatuwan kwakwa. Kunne ne ya riga ido isa. Wani rugugi muke ji kamar na hadarin gabas, amma sama tas take, rana tana dukan ƙeya. Muna hawa wani ɗan tudu sai ga ta. Na daɗe ina neman yadda zan kwatanta wa wanda bai gani ba, ban samu ba. A garinmu in ka tsaya a fili bayan girbi kana iya hangen nesa, amma kullum akwai wata kuka ko wani rumbu da ido zai dafa ya huta. A nan babu. Ruwa ne ya miƙe har ya haɗe da sama, yana tasowa tudu-tudu, ya faɗo a gaban ƙafarka da fushi, ya ja da baya yana kwashe rairayin da kake tsaye a kai. Abokina ya jefar da jaka, ya shiga da wandonsa, ya kamfato ya kurɓa, ya tofar yana yamutsa fuska. Can ya dawo ya zauna yana haki, ya ce, "Ikon Allah. Duk wannan ruwa, ba zai raya ko shuka ɗaya ta gero ba." Mun yi alwala da shi, tunda malamai sun ce mai tsarki ne, muka yi la'asar a kan rairayi, teku tana hannun damanmu tana ta sha'aninta. Ban taɓa yin sallar da na ji ƙanƙantar kaina kamar wannan ba.

Washegari muka ƙetare iyaka zuwa Kwatano, garin 'yan acaɓa masu rigar ɗorawa da ake kira zemijan. A Zango muka sauka, inda wani mai sayar da albasar Galmi ya ji Hausarmu ya ba mu tabarma a shagonsa. Kasuwar Dantokpa muka yi wa wuni guda ba mu ga ƙarshenta ba. Amma ni zuciyata tana Wida, mai nisan kilomita 40 yamma da Kwatano, don na yi shekara uku ina karanta sunanta a takarda, kuma ina ɗokin in nuna abin da na sani.

Mun iske Wida tana shirin bikin masu bautar gargajiya da a wancan lokacin ake yi duk ranar 10 ga Janairu. Ana ta shafa farar ƙasa a bango, ana gyaran ganguna. A tsakiyar gari akwai gidan da ake kiwon mesa ana girmama ta, yana fuskantar babbar majami'ar Katolika, titi ne kawai a tsakaninsu. Ana rataya wa baƙi mesa a wuya su ɗauki hoto. Na daure aka rataya mini. Da aka zo kansa ya ɗaga hannu ya ce, "Na Badagiri ya ishe ni." Na yi dariya, shi bai yi ba, ban kuma kawo komai a raina ba.

Daga gari zuwa gaɓa tafiyar kilomita huɗu ce a kan jar hanya mai ƙura, ita ce hanyar da ake kora bayi. Ta fara daga dandalin da ke gaban gidan Faransisko de Suza, ɗan Barazil ɗin da ya taimaki Sarkin Dahomi Gezo ya hau gado a 1818, ya zama babban dillalin bayin garin har mutuwarsa a 1849. Gaba kaɗan mai rakiya ya nuna mana inda wata bishiya take a da, ya ce ana zagaya ta da bayi, maza sau tara, mata sau bakwai, don su manta garinsu da sunansu. Sai wurin ɗakin duhu da ake tara su, sai ramin da ake zuba waɗanda suka mutu kafin jirgi ya zo. A ƙarshe, a bakin ruwa, wata doguwar ƙofa da aka gina a 1995, an zana mata layi biyu na mutane ɗaure suna nufar jirgi. Ƙofar da ba a komowa, haka suke kiranta.

A gindin ƙofar nan na buɗe baki. Na gaya masa mutum fiye da miliyan ɗaya aka fitar ta wannan gari kaɗai. Na gaya masa har da Hausawa a ciki, musamman bayan yaƙe-yaƙen da suka biyo jihadin 1804, waɗanda aka kai Bahiya ta Barazil. Na ba shi labarin yadda suka ƙulla tawaye a 1807, da yadda bayi Musulmi, Yarabawa da Hausawa, suka tashi a birnin Salbado cikin watan azumi na 1835, aka tsinci layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Ina magana muryata tana rawa, kuma da gaske nake. Na tsine wa Turawan Fotigal, na tsine wa Faransawa da Ingilishi, na ce wane irin mutum ne zai sa wa ɗan Adam farashi ya koma gida ya ci tuwo ya yi barci.

Yana zaune a kan jakarsa yana zane a rairayi da tsinke. Bai ɗago ba ya ce, "Jaki biyu na kanwa da riga ɗaya."

Na ce, "Me?"

"Farashin kakan babana. Mu a gidanmu an riƙe lissafin, ku ne kuka manta. Yana yaro aka kamo shi daga wani gari a kudu, har ya mutu bai iya faɗin sunan garin ba. Kalma ɗaya ce ta rage masa ta harshensu, kakata tana faɗinta in tana rarrashinmu, babu wanda ya san ma'anarta. Shi ba a zagaya bishiya da shi ba, amma ya manta. Kuma ba Bature ne ya biya kanwar ba."

Igiyar ruwa ta zo ta faɗi, ta koma. Wasu Turawa biyu suna ɗaukar hoto a gefenmu.

"Maganar ƙanwarka kuma, na san ba karatu ba ne. Tun daren da aka yi ta, ta tsallako darni. Baffa bai ba ni mamaki ba, a haka ya tashi. Kai ne na zuba wa ido. Na ce mutumin da ya san abin da ya faru a Barazil shekara 200 da suka wuce, zai san abin da zai faɗa a zauren gidansu. Sai ka zo ka ce mu je mu ga teku."

Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya tashi ya kakkaɓe wando ya nufi bakin ruwa, ya bar ni da ƙofar.

Abin kunyar shi ne babu wani sabon ilimi a cikin maganarsa. Na san masana tarihi irin su Lovejoy da Hogendorn sun ƙiyasta cewa lokacin da Turawa suka ci ƙasar Hausa akwai bayi tsakanin miliyan ɗaya zuwa biyu da rabi a daular Sakkwato. Na san dokar Lugga ta 'yanta duk yaron da aka haifa daga Afrilun 1901, kuma sai a 1936 aka soke bauta kwata-kwata a Arewa. Na san ma'anar murgu da fansa da rinji da bacucane, na amsa tambayoyi a kansu na ci maki. Na karanta Shaihu Umar tun ina sakandare, na ji tausayin yaron da aka ratsa hamada da shi. Har kanwar da ya ambata na san zancenta, domin Bature matafiyi Barth da ya ratsa Gumel a 1851 ya tarar ita ce babbar hajar kasuwar. Duk wannan yana kaina a jere kamar kwanukan ɗakin amarya, ana kallo ba a ci a ciki.

Ina tsaye zuciya ta shiga kawo mini uzuri, kuma ba duka ne ƙarya ba. Ta ce mu Gumel Barno muke bi, ba mu cikin lissafin Sakkwato, kamar dai a Barno ba a saye ba a sayarwa. Ta ce bautar gida daban take da ta jirgin ruwa: a ƙasarmu bayin sarki sun riƙe manyan muƙamai, ɗan sa-ɗaka yana hawa gadon sarauta, bacucane ba a cika sayar da shi ba. Har yau na yarda akwai bambanci, kuma wanda ya ce babu bai yi wa tarihi adalci ba. Sai dai na lura wannan hujja kullum daga bakin jikan mai saye take fitowa, ban taɓa jin jikan wanda aka saya ya kawo ta ba. Kuma ko da bautar gidanmu ta fi ta Bahiya sauƙi sau dubu, ba ta hana a mayar da manyansa daga zaure ba, shekara 82 bayan an ce ta ƙare. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Ni sai da na yi tafiyar kilomita fiye da dubu kafin in duba abin da ƙafata take kai.

Da na cim masa a bakin ruwa na buɗe baki zan kira shi, sai na tarar ba ni da sunan kiransa. Wanda na saba ya zama garwashi, na yankan kuwa ya yi mini nauyi kamar na baƙo. Muka koma gari a jere, kilomita huɗu, babu mai cewa uffan.

Na zaci zai ce mu juya gida. Da safe sai na ga ya goya jakarsa ya ce, "Kuɗin Gana muka canza ko ba mu canza ba?" Muka ci gaba. A Garan-Popo muka kwana biyu a wata bukka ta ganyen kwakwa. Da hantsi muka ga masunta sun fi talatin, maza da mata da yara, suna jan wata doguwar igiya daga cikin teku, suna waƙa, kowane ja da amshinsa. Koma ce suka shimfiɗa da kwalekwale tun asuba. Wani ya yafito mu, muka kama, shi a gaba ni a bayansa. Mun fi awa biyu muna ja, tafin hannu ya saɓule, rana ta gasa mana wuya. Da koma ta fito aka raba, aka ba mu kifi shida a ƙoƙo. Muna gasawa da yamma na kira shi da sunansa na yanka, na ce na yi masa ƙarya, kuma na ji tsoron Baffa. Ya juya kifi ya ce, "Na sani. Miƙo yajin nan." Ban san ko yafiya ce ba, ban kuma tambaya ba.

Gaɓar Togo ba ta kai kilomita 60 ba, kafin ka gyara zama ka fita. A Lome muka kalli ragowar gadar jiragen ruwa ta zamanin Turawa tana ruɓewa cikin teku, muka taka da ƙafa zuwa Aflawo, don iyakar Gana a bakin birnin take. A Ankara muka sauka a Sabon Zango, unguwar da Malam Bako ya kafa a farkon ƙarni na 20. Nan muka ci shinkafa da wake da suka gajarce sunanta zuwa "wace", muka sha kokon da duk ƙasar take kira kokon Hausa, muka saurari wata Hausa da mace ma "ya zo" ake ce mata. Wani tsohon tela ya ba mu masauki. Tambaya ɗaya ya yi mana, daga wane gari. Bai ce ɗan gidan wa ba. Ya ce shi kansa kakansa soja ne, kuma na san tarihin irin waɗannan sojoji: a 1863 Gulaba ya fara tara dakarun Hausa a Legas, da yawansu bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu, aka kai irinsu yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, wasu suka zauna ba su koma ba. Tsohon ya aurar da 'ya'yansa ga Bazabarme da Bamoshe da Badagombe. Ban ce zango aljanna ce ba, su ma suna da masu gida da baƙi, suna da nasu gorin. Amma na ga abokina yana sauraron tsohon da wata irin natsuwa, har dare ya raba suna hira. Da muka kwanta ya ce, "Ka ga, a nan da ni da kai duk 'yan Gumel ne kawai."

Elmina ce ƙarshen tafiyarmu. Farar ganuwa ce a kan dutse, teku tana dukanta ta gefe, kwalekwalen masunta masu tutoci kala-kala sun cika mashigar ruwa a ƙarƙashinta. Turawan Fotigal suka gina ta a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, Ingilishi suka karɓa a 1872. Shekarar da muka je Gana ta sa mata suna shekarar komowa, don cika shekara 400 da kai bayin farko Bajiniya ta Amurka, saboda haka cikin ayarinmu akwai baƙaƙen Amurka, wata dattijuwa tana kuka tun daga kurkukun mata. Mai rakiya ya nuna majami'ar da ke tsakar gida, taku kaɗan daga inda ake tsare mutane, ya tambaya yaya aka yi suke ibada a nan. Da a makon jiya ne da ni zan fara amsawa. Na yi shiru, ina tuna cewa a zauren da aka yanke maganar asali, a nan Baffa yake jan mu sallar asuba in an yi ruwa. A bayan ganuwar na cika wa Inna gorarta.

Mun dawo Ɗanzomo ana saura kwanaki a janye yajin aiki, fuska ta ƙone, jaka ta yage. Inna ta tsiyaya ruwan a murfi ta lasa, ta runtse ido ta ce, "Ashe da gaske ne," ta ɗora gorar a saman kwallayenta. A daren na sami Baffa shi kaɗai. Na durƙusa na ce, "Baffa, Allah ya ƙara girma, magana ce da ni." Na ce yaron nan ɗa ne, ubansa ɗa ne, kakansa ma ɗa aka haife shi. Na ce a mazhabarmu addini ake dubawa da kuɓuta daga aibu, kuma shi da bakinsa ya ce ba shi da aibu. Na kawo auren Zaidu ɗan Harisa da Nana Zainab. Ya bar ni har na ƙare, sa'an nan ya ce, "Ka je bakin ruwa ka dawo malami. Duk abin da ka faɗa na san shi tun ba a haife ka ba. Amma in ta haihu aka yi wa 'ya'yanta gori a bakin rijiya, kai za ka je ka karanta musu littafi?" Ya ƙara da cewa ya riga ya amsa wa wasu mutanen Gumel tun muna hanya.

Ƙanwata tana tankaɗe na gaya mata yadda muka yi. Ba ta tsayar da rariya ba ta ce, "Yaya, ran da ka kai shayin nan ya kamata ka faɗa."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure. Abokina ya zo tun da safe, shi ya jera benci, shi ya raba goro da alawa, ya tsaya har aka shafa fatiha. Yanzu yana sayen riɗi da zoɓo a Maigatari, ya yi aure a Gagarawa, yana da ɗa namiji da yake ce mini Baffa. Mahaifinsa har yau yana zuwa gaisuwar Sallah zaurenmu, ya tuɓe takalmi tun daga nesa kamar yadda ya ga ubansa yana yi, amma shi ba ya rako shi. Da sunan yanka muke kiran juna. Kwanakin baya ina share hotuna a waya na ci karo da na Badagiri, yana dariya da sarƙa a wuya, hannuna ya fito a gefen hoton yana gyara masa ita. Ranar kasuwa na same shi a rumfarsa yana auna buhu, na nuna masa, na ce zan goge. Ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo, ya ce kada in goge, in tura masa, yana so ya nuna wa yaron in ya yi wayo.